Takanɗar Gogo

Kan kekena ya lanƙwashe ranar da na kauce wa wata saniya a hanyar Barkiya, na faɗa kwazazzabo. Saniyar ko waiwaye ba ta yi ba.

Keken irin mai giya ne da manyan tayoyi, na hawa duwatsu, ɗan gwanjo. Saboda ɓarayi, a ɗakin kakata Gogo yake kwana, don ɗakina ba ƙyaure. Tsohon kan kuwa kullum sai ya kankare mata yaɓen bakin ƙofa.

Da zan tafi Dutsin-Ma sayen sabo, Gogo ta ɗauko takanɗa, ta gwada faɗin ƙofarta, ta karya daidai.

"Ungo, angona," in ji ta. "In kan amaryar taka ya wuce wannan, ta kwana wajen jaki. Kai ma ka bi ta."

Na isa rumfar Ashafa mai gyaran keke. Dattijo ne, abokin babana. Ina durƙusawa in gaishe shi ya miƙo hannu ya zare takanɗar.

"Zubair, har da tsaraba? Allah shi yi albarka."

Ya kai baki. Na so in yi magana, amma yaya za ka cire wa abokin ubanka abu daga baki? Ina kallo yana tauna ƙofar Gogo yana tofarwa.

Ya jera mini kai uku a tabarma. Ɗaya miƙaƙƙe, mai faɗi kamar ƙahon bijimi. Ɗaya mai ɗan tudu, wai don masu ciwon baya. Na ukun ya lanƙwasa ƙasa irin na rago.

"Mai faɗin nan shi ne na rairayi," in ji Ashafa. "Kana riƙe shi keke ya san yana da ubangida."

Ni ma shi raina ya kwanta da shi. Sai na ce a hankali, "Baba, abin da kake sha ɗin nan, awo ne."

Ya dakata da tauna. Na gaya masa zancen ƙofa da jaki.

"To mi ya hana ka faɗa? Ai gaɓa ɗaya na sha. A ƙara gaɓa ɗaya a yanke."

"Kamar dai uku na gani, Baba."

"Ni da na sha ban sani ba, sai kai mai kallo?"

Ya ɗora guntun takanɗar a kan ƙarfen, ya ƙara gaɓarsa ɗaya, ya ɗauko zarto. Da ya gama, ƙahon bijimi ya koma na ɗan akuya. Da ƙyar birki da giya suka sami wurin zama.

Haka na taho, hannuwa a haɗe kamar mai roƙon Allah. A Kurfi masu shayi suka yi ta ce mini amin. A cikin rairayi kuwa keken inda ya ga dama yake bi, ni dai rakiya nake.

Gogo tana zaune a bakin ƙofa. Na tura keken ya shige sumul, ko tashi ba ta yi ba.

"Yau amarya ta yi ladabi," in ji ta. "Ta kwana ciki."

Sai ta miƙo hannu.

"Ina takanɗata? Ara maka na yi."