Rokar da Milutin Bai Harba Ba

A ƙauyenmu, idan hadarin ƙanƙara ya taso, ido biyu ake zubawa: ɗaya a sama, ɗaya a kan tudun da Milutin yake. Shi ne mai harba roka cikin gajimare domin ƙanƙarar ta narke kafin ta iso gonakin inabi. Amma ba ya harbawa sai cibiyar kula da yanayi ta ba shi izini ta oba-oba.

Ranar da abin ya faru, inabin Stanko ya kusa nuna. Da rana tsaka gari ya yi baƙi ƙirin. Tsohuwa Desanka ta fito da gatari ta kafa a tsakar gida, bakinsa na kallon sama, kamar yadda kakanninta suke yi don a tsaga hadari. Stanko kuwa tudu yake kallo, kuma tudun shiru.

Ya ce wa 'yarsa Zorka dama ya san ba za a harba ba. Tun da ya kira Milutin malalaci a gaban mutane, ran da ya zo neman aurenta, yake jiran ramuwa. Gonar su Milutin tana can gabas, hadarin ba zai bi ta kanta ba, to me zai dame shi?

Da gudu Zorka ta hau tudun, tana jin kunyar cewa maganar mahaifinta ta sami wurin zama a ranta.

Ta tarar da Milutin tsaye, rokar na ɗaure a kan ƙarfenta, oba-oba a hannunsa.

"Malam mai roka, hoto kake jira a ɗauke ka?"

"Iska ta juya, Zorka. Sun ce in dakata. In na harba yanzu, kan gidaje za ta karkata."

"Su wa suka ce? Ni ban ji kowa ba."

Ya miƙa mata oba-obar. Babu komai a ciki sai shuuu. Ta dubi fuskar nan da take so tun suna makaranta, ta nemi alamar ƙarya ba ta gani ba, ta nemi alamar gaskiya ita ma ba ta gani ba. Gumi kawai, da leɓe a cije.

Sai ƙanƙara ta sauko, kamar ana zubar da tsakuwa a kan kwano. Suna kallo ta bi layukan inabin Stanko tana kakkaɓe su. Can murya ta fito daga oba-obar ta ce a harba. Ya harba, ya sake harbawa, ƙanƙarar ta koma ruwa. Amma rabin gonar ya riga ya kwanta.

Da yamma Stanko yana tsugune cikin laka, yana juya wani reshe da ya dagargaje, ya tambayi Zorka ba tare da ya ɗago ba.

"Kin ji lokacin da suka hana shi? Da kunnenki?"

Zorka ta san abin da amsarta za ta rufe ko ta buɗe. Ta hango Milutin yana saukowa daga tudu, jiƙe sharkaf, yana tafe a hankali.

"Na ji, Baba," ta ce.

Stanko ya gyaɗa kai. Ita kuwa, da Milutin ya iso ya kama hannunta, ba ta janye ba, amma ba ta riƙe nasa ba.