Sigarin da Baba Bai Saya Ba

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba, don karatuna bai yi nisa ba, kuma masoyina Rowan ya ce zan sa a yi masa dariya. Da na ga an riga an yi masa, sai na ɗauki biro.

Babana Clive gyaran gangunan giyar wiski yake yi a kwarin kogin Derwent. Duk saurayin da ya zo neman 'yarsa, sai ya zaunar da shi a baranda da yamma, ya ba shi sigarin ganye mai kaurin yatsa da wiskin sha'ir zalla mai ƙamshin hayaƙi. Ya ce ƙaƙƙarfan wiski sai ƙaƙƙarfan sigari. Wanda ya kasa zama har sigarin ya ƙare, ba a sake gayyatarsa. Ni ban taɓa iya buɗe baki na ce wa Baba ina son Rowan ba. Rowan kuwa kiwon zuma yake yi, hayaƙin da ya sani na korar ƙudan zuma ne kawai.

Sai na je birnin Hobart na sayo sigari mai sauƙi, na ɓoye a akwatin Baba. Na koya wa Rowan kada ya haɗiye hayaƙin, ya riƙa kurɓar wiskin kaɗan-kaɗan, ya bar toka ta faɗi da kanta. Amma a ƙasarmu ɗamarar takarda iri ɗaya ake ɗaura wa kowane sigari, ba tambari ba ado. Da Baba ya ce in kawo, sai na yi kuskure, na miƙa wa kowa na ɗan'uwansa.

Kafin a je ko'ina fuskar Rowan ta koma kore kamar ɗanyen tuffa. Gumi yake yi, yana cewa da daɗi.

Baba ya zuƙi nasa, ya kurɓi wiski, ya sake zuƙa. Wiskin ya danne sigarin gaba ɗaya. Ya juya shi a hannu, ya dube ni.

"Tamsin, wa ya sa mini ciyawar tumaki a akwati?"

Na kafa wa takalmina ido.

"Ke da ba kya iya tambayar farashin burodi, kika shiga shagon sigari ke kaɗai? Saboda wannan?" Ya nuna Rowan.

Na gyaɗa kai.

Baba ya yi dariya har da tari. Ya karɓe sigarin Rowan, ya ba shi ciyawar, ya shiga ɗaki ya fito da wata kwalbar wiski mai ɗanɗanon zuma wadda ko Kirsimeti ba ya buɗewa.

"Ga abokiyar ciyawarka, ɗan samari. Kada ka mutu mini a baranda, ba ni da ganga daidai tsawonka."

Suka zauna har sigarin ya ƙare. Rowan ya tafi gida yana tangaɗi, Baba ya ce masa ya dawo ran Lahadi.

Washegari na kai wa Baba shayi wurin aikinsa, na tsaya sai da ya ajiye guduma, na gaya masa da bakina cewa a watan Maris nake son a yi bikin.