Tuban da Mika Ya Ɓoye

Mutanen gari suna ce masa Shago, ni kuwa Baban Charity nake ce masa, kuma tun da na shigo gidansa ban taɓa ganin ya ƙwallafa ransa a kan wani abu kamar kujerar dattijon ikilisiya ba. Shi ne sharar coci, shi ne gyaran benci, in Fasto ya yi tari shi ke fara cewa sannu. Da aka ce bana za a yi zaɓen dattawa bayan an shigar da gero, kowa ya san kujera ɗaya tasa ce. Har ya kai ɗinkin babbar riga.

Ana cikin haka sai ga Mika, ɗan ƙanensa mai shagon caji da tura finafinai a bakin titin Tofa. Wai matasan coci za su yi fim na wa'azi, suna neman wanda zai fito a matsafi irin na da, wanda a ƙarshe zai tuba a yi masa baftisma.

"Baba, kai ne daidai da wurin," in ji Mika. "Ƙarshen fim ɗin duk naka ne. Sai mutane sun yi kuka."

Na ce wa maigidana kada ya shiga. Ya ce ban san aikin Ubangiji ba. Na koma kan surfena.

Ranar da za a ɗauki wurin tsafin na bi su gindin tsamiyar da ke tsohuwar gonar surukina. Mika ya fara koya wa Baban Charity abin da zai faɗa, sai shi ya girgiza kai ya ce ba haka ake yi ba. Ya dubi farin zakaran da suka kawo ya ce a mayar, ja ake bayarwa. Ya tuɓe riga ya ɗaura warki, ya durƙusa, ya ɗauki ƙoƙo ya tsiyaye a saiwar tsamiya. Kunu ne a ciki, ba giya ba, amma hannun da ya zuba shi bai yi kama da na mai koyo ba. Sai ya shiga kiran Uwar Gona, iskar da iyayensa suka bauta wa, da kirarin da rabona da jinsa tun rasuwar mahaifinsa. Har muryarsa ta sauya. Yaran kuwa suka ɗauki tafi.

Kafin fim ya fito Mika ya yanko ɗan guntu na talla, ya yi ta tura wa duk wanda ya kawo caji. Nan da nan tallar ta shiga kowace waya, har ta matan da ba su san inda ake kashe ta ba. Kuma tallar nan ba ta da ciki ko kaɗan. An ga yarinyar da aka yi wa asiri ta warke. An ga mugun ɗan'uwa ya faɗa rijiya, an ga an tsamo shi, an ga bikin da aka rufe labarin da shi har da masu rabon shinkafa. Tsakanin kowane biyu kuma sai a hasko maigidana tsirara sai warki, da jan zakara a hannu. Abu ɗaya tak Mika ya ɓoye.

"Ina wurin da na tuba?" Baban Charity ya tambaye shi.

"Haba Baba, ai shi ne gishirin fim ɗin. In na saka shi a talla, wa zai zo neman fim?"

Fim ya fito, babu wanda ya zo nema. Duk wanda aka yi wa tayi sai ya ce me ya rage, ai sun gani.

Ranar Lahadi Susanna, shugabar zumuntar mata, ta ja ni gefe. "Roda, mun san wasa ne," ta ce, tana gyara mini ɗankwalin da bai karkace ba. "Amma dai wasan ya yi kyau da yawa."

Bayan nan Ɗanliti, wani manomi daga ƙauyen gaba wanda wakensa ya ƙi bana, ya yi sallama da rana tsaka da jan zakara a hammata. Ya ce ya ga aikin Baba a waya, a taimaka masa kafin shuka ta gaba. Baban Charity ya fatattake shi har bakin hanya yana kiran sunan Yesu. Sai dai unguwa ta ga shigar zakara, ba ta tsaya jin abin da aka ce ba.

Daga nan ya koma yawo da waya gida gida. Dattijo da furfurarsa, yana roƙon mutane su kalli fim, ko da ƙarshen ne kawai. Wannan ya ce idonsa na ciwo, wancan ya ce zai tafi kasuwar Dawanau, sai ya dawo. Fasto ya ce a bar masa, zai duba in ya samu sarari. Wallahi sai da na ji kunya ta kama ni, na kuma ji haushin Mika kamar in shaƙe shi.

Aka yi zaɓe, aka ba Nathan, mutumin da ke barci tun daga waƙar farko. Babbar riga ta dawo daga wurin tela ta wuce akwati.

Wata la'asar ina ɓarar gyaɗa a tsakar gida maigidana ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. "Roda, ko ke kaɗai ce, ki kalla." Sai a lokacin na tuna ni ma ban kalla ba.

Ya tura fim ɗin can ƙarshe. Ga shi tsaye a gaban mai wa'azi, ƙiƙam kamar turken awaki. Yana cewa ya tuba, yana satar kallon mai ɗauka. Ya manta wata kalma, ana jin muryar Mika ƙasa ƙasa tana tuna masa. Ya sa hannu ya share ido, idon a bushe.

"Kin gani ko?" ya ce. "Da sun ga wannan..."

Bai ƙarasa ba. Ya mayar da wurin baya ya sake kallo, ni kuwa tausayinsa ya hana ni ɗaga kai. Da ya ƙare ya kife wayar a cinyarsa.

"Na gindin tsamiya babana ne ya koya mini," ya ce a hankali. "Wannan kuwa Mika ne."