Tagar Sama a Ɗakin Inna

Hadi ɗan fari ne, don haka bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Inna Kadijatu "kai" take ce masa, in ba ya nan ta ce "wancan". Abin bai taɓa damunsa ba sai da Ikrama ya dawo Kademi.

Ikrama ɗan ƙanwarta Baiwa ne. Ya yi 'yan shekaru yana bin magina a birni, da ya dawo ya huda rufin soron uwarsa ya ɗora gilashi mai kauri. Ɗakin da ake kunna wa tocila da rana tsaka ya koma kamar tsakar gida, ba batir, ba man janareta, sanyin ginin ƙasa kuma yana nan. Inna ɗinkin hula take yi, ido ya fara rauni. A waje rana ta kashe mata ido, a ɗaki duhu. Sai ta mayar da ɗakin Baiwa wurin aiki. Da hantsi ta ɗauki kwandon zare ta fita, da la'asar ta dawo da Ikrama a baki. Ikrama mai hankali. Ikrama hannunsa da albarka.

Hadi kafinta ne, rabin kwanon unguwar shi ya buga. Ƙofar ɗakin Inna ma shi ya yi, da gadon da take kwana a kai. Bai taɓa jin ta faɗa wa kowa ba.

Wata rana ya je gidan Baiwa, wai gaisuwa. Yana durƙushe yana satar kallon sama. Ikrama ya lura.

"Yaya Hadi, zo mu hau ka gani. Aikin a sama yake, daga nan ƙasa kwalliya ce kawai."

"Rami ne da gilashi," in ji Hadi. "Sai an kai ni makaranta?"

Baiwa ta yi dariya ta ce su dai sun fi kusa.

Ranar kasuwar Gaya ya sayo gilashi wanda ya fi na Ikrama faɗi. Ya jira har Inna ta tafi suna Gafasa, ya kafa tsani. Ya zaɓi daidai inda take shimfiɗa tabarma, jikin bangon gabas, bai kula da cewa nan ne rufin ya karkata zuwa indararo ba. Ya buɗe tsakanin azara, ya kwantar da gilashin daidai da fuskar rufin, ya zagaye shi da siminti. A ganinsa siminti ya fi ƙasa ƙarfi, ya kuma fi kyan gani.

Inna ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. Haske ya zubo kan tabarmarta, har ƙurar da ke yawo ana gani. Ta daɗe tana kallo.

"To, madalla. Irin ta Ikrama."

Ya juya ya fita. Amma dai ta daina zuwa gidan Baiwa. In ya shigo cin tuwon rana yakan same ta a ƙarƙashin tagar tana zura zare a allura ba tare da ta kira kowa ba. Hulunan wasu angwaye take yi, ta kusa gamawa, ta jera su a faifai. Yakan ci abincin a hankali don ya daɗe.

A sama kuwa rana tana aikinta. Simintin ya rabu da ƙasar, tsaga ta zagaye gilashin.

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo bayan azahar, Inna tana maƙwabta. Duk ruwan rufin ya gangaro neman indararo, ya tarar da tsagar a hanya. Kafin Hadi ya iso daga shago, jan taɓo ya cika faifan. Ya ɗaga hula ɗaya, farin zaren ya koma kalar ƙasa.

Ba wanda ya aika, Ikrama ya zo da tsani da bokitin makuba, ruwan ɓawon ɗorawar da ake kwaɓa yaɓe da shi. Ya hau ya sauko. Cikin ladabi ya yi bayani, ladabin ma ya fi zagi ciwo: ana ɗaga wa gilashin baki ne ya ɗara rufin, ruwa ya kewaye shi, a kuma yaɓe da ƙasa da makuba, don siminti ba ya kama ƙasa. Azara biyu sun jiƙe, ba za a kwana a ɗakin ba sai an gyara, gyara sosai kuma sai damina ta wuce.

Inna ta ce rufin ne ya tsufa, tun mai gidan yana da rai yake yoyo. Hadi ya san ɗakin bai taɓa ɗiga ba. Ta faɗa ne idonta a kan hulunan, ba ta dube shi ba.

Ta ƙulle kayanta a zani, ta ce za ta zauna wurin Baiwa zuwa kaka. Ta ce Allah ya yi wa Ikrama albarka, ya dai rufe ramin kafin wani hadarin. A bakin zaure ta juyo.

"Kai, riƙe wa Ikrama tsanin."

Hadi ya riƙe. Ƙasa tana zubo masa a ka daga ƙafar Ikrama.