Ubale Ba Ya Tashi Sai da Kalangu

Ni dai na yi wa Malam Ubale kukan mutuwa har na gaji, kuma ga shi can a Gumel da ransa yana shan kunu. A ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ni ce matarsa, shi kuma aikinsa mutuwa. Kowa da sunansa na gaskiya yake fitowa, shi ya sa daga Maigatari har Sule Tankarkar mata suka san ni da Saudat mai takaba, alhali mijina yana nan garau yana gyaran babura.

Da can a wasanninmu Ubale shi ne alƙali, shi ne attajiri. Da shekaru suka ja, magana ta fara ɓace masa a tsakiyar fage, sai ya tsaya yana kallon jama'a yana murmushi. Anti Lauratu, shugabarmu, ta kasa korarsa, ta ce to ya riƙa kwanciya kawai. Bawan Allah ya riƙe abin hannu bibbiyu. Doka ɗaya aka kafa masa: gawa ba ta motsi sai ta ji kiɗan tashi daga kalangun Cindo, makaɗinmu. Ko sama za ta faɗo, sai kalangu.

To, dokar nan ita ta yi ta ba shi wahala. A kasuwar Sule Tankarkar ina tsakiyar kuka, na matsa albasa a ido hawaye na zuba, cinnaka ya shige masa wando. Gawa ta yi tsalle tana salati, ta bar ni durƙushe ina yi wa tabarma kuka. Wata rana kuma wurin gwaji, Jamaluddeen, matashin da ke ɗaukar mu hoto da waya, ya ce da ƙarfi, "An tashi, wasa ya ƙare, ga ɗanwake ya iso!" Kafin ya rufe baki mamaci har ya wanke hannu.

Sai ga korona. Aka hana taro, aka rufe kasuwanni, aka rufe boda, biki ma sai a ɗaura aure kowa ya kama gabansa. Cindo ya rataye kalangu ya koma tallan kankana, ni na kafa kaskon awara a ƙofar gida. Ubale kuwa, tun rasuwar matarsa shi kaɗai ne a gida, 'ya'ya duk suna Kano. Sai ya shimfiɗa tabarma a zaure ya yi ta gwajin mutuwa shi kaɗai, har maƙwabta suka gaji da leƙowa suna salati.

Anti Lauratu ce ta samo dabara. Ta ce tunda an hana mu tara jama'a, mu ɗauki wasa a waya mu ba masu tura finafinai, ya shiga gida-gida. Amma fa dole a rage mutane. Nan Jamaluddeen, ɗan rainin wayo, ya buɗe baki.

"Anti, gawar nan ai ba sai mutum ba. A cusa ƙaiƙayi a buhu a lulluɓe. Buhu ba ya tari, cinnaka bai dame shi ba, ba ya cin ɗanwake."

Wallahi ya ma zo da buhun, har da ɗaure masa wuya. Na dubi Ubale, na ga ya ƙura wa buhun ido. Raina ya ɓaci, na ce, "Kai, ni ba zan yi wa dusar akuya kuka ba!"

Anti Lauratu ta juya ta ce, "Malam Ubale, girmanka ne ya sa nake haƙuri. Wannan karon in ka motsa kafin kalangu, ko da ɗan yatsa ne, buhu ya gaje ka."

"Hajiya, ko wuta aka sa mini," in ji shi.

Labarin wasan mai sauƙi ne. Maigida ya ƙi sa takunkumi, ya ƙi wanke hannu, ya yi ta tari ya faɗi. Matarsa ta yi ta jijjiga shi tana cewa ya tashi. Sai a ji jiniya, wadda Jamaluddeen zai yi da baki, mutane su watse, ma'aikatan lafiya su zo cikin fararen kaya su fesa masa magani su ɗauke shi. Fararen kayan da buhunan taki muka ɗinka, ƙannen Anti Lauratu biyu za su sa.

Muka zaɓi bayan wani tsohon sito a Gagarawa Tasha, inda ba kowa sai awaki. Kuskuren da muka yi, Cindo ya ce bari ya gwada fatar kalangu ko ta saki. Mutanen da suka yi wata da watanni ba su ji kiɗa ba! Kafin Ubale ya gama tarinsa, yara, mata, tsofaffi masu sanda, har da wani da reza a hannu da rabin aski a kan wanda ya biyo shi, duk sun zagaye mu. Anti Lauratu tana ta "Ku ba da tazara!" ba wanda ya ji ta. Ubale da ya ga jama'a sai ya ƙara wa mutuwar armashi, ya yi ta shure-shure kafin ya miƙe a rana.

Na durƙusa, na ciro albasata ke nan ban kai ga matsawa ba, sai jiniya. Na ce a raina, yau yaron nan ya iya. Ina ɗaga kai na ga mota ce ta gaske, cike da 'yan kwamitin hana taro, kowa da dorina, bayansu kuma ga wata motar ta masu fararen kaya, ba na buhun taki ba.

Wuri ya kaɗe. Cindo ya rungumi kalangu ya tsallake shinge, ban san ƙafafunsa na da wannan lafiyar ba. Anti Lauratu da ƙannenta suka yi gabas, Jamaluddeen ya yi yamma. Aka bar ni ni da gawa.

Shugaban kwamitin ya tsaya daga nesa, ya dafe takunkuminsa da hannu. "Baiwar Allah, yaushe ya cika?"

"Ranka ya daɗe, bai cika ba. Wasa muke yi."

"Haka kowa ke cewa in yana ɓoye mara lafiya. Mun ji an ce tari ya yi ta yi ya faɗi."

"Tarin ma na wasa ne!"

"To in wasa ne, ce masa ya tashi."

Na jijjiga shi. "Malam Ubale, tashi! Don Allah tashi!"

Ina! Abin da nake faɗa a wasan ke nan, harafi da harafi. Ya ƙara sakin jiki. Na sunkuya kusa da kunnensa na ce, "Wallahi wasa ya ƙare, mutanen gaske ne." Ko gezau. Ai an taɓa cin sa da irin wannan dabarar a ranar ɗanwake. Na mintsine shi a cinya iya ƙarfina, mutumin nan ko girarsa ba ta motsa ba.

Wata malamar asibiti a cikin masu fararen kayan, daga baya na ji sunanta Nana Firdausi, ta matso ta nuna masa na'urar auna zafi a goshi. Mutumin da ya daɗe shanye a ranar Gagarawa, me kuke tsammani? Na'ura ta hau kuka. Ta kama hannunsa ta saurara, ta ce, "Da ransa, amma ba ya cikin hayyacinsa, ga zazzaɓi. A ɗauke shi."

Suka feshe shi da ruwan magani tun daga kai har ƙafa, suka ɗora a gadon ɗaukar marasa lafiya. Ya saki hannu ɗaya yana lilo, irin yadda yake yi in yana so a tafa masa. A nan ne tsoro ya kama ni da gaske. Na tuna a lokacin wanda aka ɗauka haka, danginsa ma ba sa ganinsa. Na tuna dattijon nan ba shi da kowa a gida da zai bi sawunsa. Na bi motar da gudu ina kururuwa, "Kada ku tafi da shi! Ubale, kada ka yi mini haka!" har zanina ya nemi kwancewa. Suka bar ni da ƙura.

Cindo a cikin rumbun wani mutum na samo shi, ya ƙudundune da kalangu a ciki. Na ce ya fito ko in kunna wa rumbun wuta. Anti Lauratu ta ɓullo daga bayan garken shanu da takalmi ɗaya, Jamaluddeen ya sauko daga kan darbejiya. Muka roƙi wani mai adaidaita ya bi da mu ta hanyar gona zuwa Gumel, ina kuka, Anti tana faɗa, buhun ƙaiƙayi yana kan cinyar Jamaluddeen don ya ƙi yarda a bar shi.

Wata makaranta aka mayar wurin killace mutane. Maigadi ya hana mu shiga, muka zagaya ta bayan katanga inda ake hango tagogi. Ga Ubale can a miƙe kan gado, Nana Firdausi tana shirin ɗaura masa ƙarin ruwa. Anti Lauratu ta ce, "Cindo, buga!"

Cindo ya saki kiɗan tashi.

Ubale ya buɗe ido, ya miƙe zaune, ya sauko, ya rusuna dama, ya rusuna hagu yana jiran tafi. Wani mai shara ya yar da tsintsiya ya fita ta taga. Sauran da ke kwance a ɗakin suka hau salati, ɗaya ya ja bargo ya rufe kansa. Ubale kuwa sai waige-waige yake yi, yana neman inda aka kafa waya.

Da ya hango mu ya leƙo ta taga, fuska duk farin magani. "Hajiya, ashe har mota kika samo? Kai, wannan fim ya ci kaya!"

Sai da Nana Firdausi ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Ta fito ta same mu a bakin katanga, ta rasa faɗa za ta yi ko dariya. Ta ce ita tun a hanya ta fara shakka, don ba ta taɓa jin bugun zuciyar mai suma da ya kai wannan lafiya ba. "Amma na zura masa tsinken gwaji a hanci har can ciki. Ƙarti suna hawaye in na yi musu, wasu har su kai mini duka. Baban nan ko atishawa bai yi ba."

Ubale ya sake leƙowa. Yanzu ya gane komai, murya ta yi ƙasa. "Hajiya, na motsa?"

Jamaluddeen ya fara gunaguni, wai ai buhu ma ba ya atishawa. Anti Lauratu ta fizge buhun daga hannunsa, ta kwance bakin, ta zazzage wa awakin da ke kiwo a gindin katanga.

"Ba ka motsa ba, Malam Ubale. Mutuwa taka ce har sai ka gaji."

Dattijo ya yi ta dariya yana share ido da hannun riga. Aka ce dole ya zauna sai sakamako ya fito, tunda ya shiga cikin masu jinya. Ko a jikinsa. Ya ce nan akwai mutane, akwai hira, ya fi zaurensa. Sakamakon ma da ya zo, lafiyarsa ƙalau, sai da aka lallashe shi ya yarda ya tafi gida.

Amma a ranar, muna shirin juyawa, ya kira ni.

"Saudat! Kukan nan na yau, da kika biyo mota. Tun da muke ban taɓa jin kin yi irinsa ba. Ina kwance ina cewa, Allah Ya sa ranar da ta gaske ta zo a samu mai yi mini ko rabinsa. Wace irin albasa kika samo?"

Na kwance bakin zanina na ciro ta, na ɗaga masa ya gani. Tana nan ɗungurungum, ko ɓawonta ban ɓare ba.