Fetur ɗin Bara

Sun wuce garin Sevlievo da kaɗan motar ta fara tari. Batirin ya ƙare, injin fetur ya karɓa, ya yi gurnani sau biyu ya mutu. Da ƙyar Kolyo ya gangara da ita gefen titi. Ƙarfe takwas da kwata. Sha ɗaya da rabi likitan zuciya a Sofia zai ga matarsa Nevena, wadda ta yi wata biyar tana jiran wannan rana, kuma an gaya musu wanda ya makara bayan layi zai koma.

Mota ce ta alfarma, mai aiki da wuta da fetur, da kuɗin sallamarsa ya saye ta. Mutumin Gabrovo kuwa, garin su Kolyo, da tattali yake taƙama. Ranar da farashi ya ɗan sauka bara Kolyo ya cika tanki fal, daga nan bai ƙona ko cokali ba, don cajin wutar gida ya ishe shi yawon cikin gari. In injin ya tashi da kansa, sai ya tsaya ya kashe motar yana ce mata almubazzara. Maƙwabta suka yi ta yaba masa, domin duk sun yarda fetur kamar gishiri yake, ba ya lalacewa. Ba wanda ya tambaya ko man yau shi ne na zamanin iyayensu.

Ya kira Dobri makaniki. Dobri ya tambayi yaushe rabonsa da gidan mai, da ya ji amsa sai ya yi tsaki.

"Baba Kolyo, man yanzu da barasa a ciki, damshi take zuƙa. Wata goma sha huɗu ruwa kake gadi."

Motar janwe sai nan da awa biyu. Tasha ɗaya da ta ɗauki waya ta ce tasi sun fita duka.

Nevena tana rungume da ambulan ɗin takardunta, leɓɓanta sun yi duhu. Kolyo ya fita ya yi ta ɗaga hannu. Direbobi sukan rage gudu, su dubi motar, su wuce. Wa zai tsaya wa mai irin wannan mota? Sai ya cire hula ya shiga tsakiyar titi.

Wata tsohuwar akori-kura cike da kabeji ta ja birki, direban ya leƙo yana tambayar ko tsoho ya gaji da duniya ne. Kasuwar bakin Sofia za shi, kuma kujera ɗaya ce ta rage. Kolyo ya riƙe ƙofar da hannu biyu, yana roƙonsa ya kai ta har ƙofar asibiti. Mutumin ya dubi Nevena, ya ture jaridu daga kujerar.

Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa zuwa Sofia ba tare da shi ba. Ya tallafe ta ta hau.

"Hawa na uku ne, Nevena. In an ce kin makara, kada ki tashi daga wurin."

"Na ji, tsoho. Sakar masa ƙofar."

Tara da minti goma. Ya tsaya yana kallon akori-kurar tana jan jiki a hawan tudu, hayaƙi na bin ta.