Saƙon Baba Abatcha ga Kaltum

"Ke mai kunya, riƙe mini wayar nan kusa da baki," in ji Baba Abatcha. Yana kwance bisa tabarma a gindin dogon yaro, ƙafafunsa sun kumbura. Miyar busasshen kifi kawai na kai musu, sai ga ni da aiki.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. A Bosso yake da farmasi kafin hari ya koro su, ya zo Diffa ya buɗe ƙarama kusa da kasuwar tattasai. Da ya ga yawancinmu karatu bai yi nisa ba, kuma takardun rigakafi sun ɓace a gudun hijira, sai ya riƙa aiko wa mata muryarsa ta waya duk lokacin da allurar yaro ta zo. Jaririn yake yi wa magana, uwa ta ji a gefe.

Ya gyara murya. "Sadiq, mai kumatu! Gaya wa uwarka ta bar wankin nan, yau akwai allura." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Saƙonnin watannin gaba yake ɗauka, ɗiyarsa Sumayya za ta tura.

"Saura taki. Me sunanta ma?"

Na sunkuyar da kai. Shi da ya ci naman sunan! 'Yar fari ce, ba na faɗin sunanta, ba na goya ta a gaban mutane. Uwar mijina, Ya Kellu, ita ke kai ta likita.

"Baba, yarinyar dai."

"Yarinyar? Likita cike take da yarinyar. Baƙon dauro ya shigo unguwa, kuma shi ba ya jin kunyar kowa."

Na ajiye wayar na gudu gida, ina jin dariyarsa ta katanga.

Ranar Juma'a da hantsi ya rasu. Wurin zaman makoki jarirai suka cika tsakar gida da kuka da rarrafe, har wani ya kifar da kwanon gumba. Sumayya ta share ido ta ce, "Ku bar su, baƙinsa ne."

Bayan sadakar arba'in Ya Kellu ta tafi tsinkar tattasai bakin kogin Komadugu. Ina tankaɗen gari wata safiya wayata ta yi ƙara. Muryar Baba Abatcha ce.

"Kaltum! Kakanki ne. Yau allurar baƙon dauro. In tsohuwa ba ta nan, hau bayan waccan mai kallon ƙasa, ba ta cizo. In an tambayi sunanki, tsunkule ta har ta faɗa."

Na yi dariya, hawaye na zuba cikin garin. Na leƙa waje, mata na zaune a ƙofar gidaje. Na koma ciki, na sake fitowa, sannan na goya ta na bi ta gabansu.

A likita Sumayya ce zaune kusa da akwatin sanyi na allurai tana rubuta sunaye, sanye da farar rigar babanta da ta yi mata yawa.

"Sunan yarinya?"

Na faɗa a hankali.

"Ban ji ba, maƙwabciya."

"Kaltum," na ce, har matan da ke layi suka juyo.

A hanyar gida na tsaya gaban farmasin. Bencinsa na nan a inuwa. Na zauna gefe ɗaya, Kaltum ta yi barci a bayana, kumatunta da ɗumi a wuyana.